Wanda Ya Tafi da Sunan Salifu

Kanan Bakashe, 4 ga Oktoba 1965

Zuwa ga ɗana Salifu Mati, a asibitin Yamai.

Ina gaishe ka gaisuwar wanda ya daɗe bai ga nashi ba. Ina fatan wannan takarda ta iske ka lafiya kamar yadda ta bar mu. Rakiya tana gaishe ka, ƙafar nan tata da ta kumbura da sauƙi, har ta fara zuwa rijiya. Gero ya yi kyau bana, gyaɗa kuma muna cikin cira.

Bayan haka, ga albishir. Matarka Zara'u ta sauka lafiya ranar Alhamis da hantsi, nan ɗakin uwarta Rakiya. Mace aka samu. Ni Danda, da na binne 'ya'ya huɗu Allah Ya bar mani ɗiya ɗaya, yau ga ni da jika. Ina gona aka aiko, na yar da hauya na taho da gudu, har Sanda maƙwabcina ya ce ya zaci kura ce ta biyo ni. Na ce mashi amarya aka kawo mani, kai da tsohuwarka sai haƙuri. Hancinta na uwarka ne, ƙanwata Gambo, Allah Ya jiƙanta. Da na gan shi sai da na koma bayan rumbu na share ido. Suna ranar Alhamis mai zuwa, na ware rago.

Albishir na biyu, ka dubi rubutun nan da kyau. Ba Mushe Sidi malamin boko na lakwal ya rubuta mani ba, ni na rubuta. Rani biyu ke nan ina zuwa makarantar manya bayan la'asar, mu goma sha biyu masu furfura, muna zaune kan bencin yara gwiwa na taɓa haɓa. Kwana uku na yi a kan wannan takarda. In ka ga baƙi ya karkace, ka yi haƙuri, hannun da ya saba da hauya ne.

Allah Ya tsare ka a wannan gari mai nisa.

Kawunka,
Danda

*

Yamai, 18 ga Oktoba 1965

Zuwa ga Kawu,

Ina durƙusawa ina gaishe ka, ina gaida Inna Rakiya, da fatan ƙafa ta ƙarasa warkewa. Ni lafiya lau nake, sai aiki.

Kawu, da na buɗe takardarka na ga hannunka ne, na kasa ci gaba da aiki sai da na zauna. Kai da ka sayar da akuya ka saya mani allo da wando na shiga lakwal, yau ka rubuto mani da kanka. Na adana ta. Batun baƙuwar da kuka yi, Allah Ya raya, Ya sa mai jin ƙai ce. A gaida masu jego.

Ina da wata buƙata. An buɗe konkur, jarrabawar shiga makarantar malaman asibiti. Shekara huɗu ke nan ina wanke miki ina share ɗaki, babban lokotoro ya ce in na ci wannan, bayan shekara biyu ni ma allura zan riƙa yi, wataƙila ma a turo ni Mayahi kusa da ku. Ana karɓar takardu har ƙarshen Janairu. Takardar haihuwata da sartifika ta gama lakwal suna cikin akwatinka na ƙarfe, naɗe cikin farin ƙyalle. Kada ka sa su a gidan waya, ina tsoron su ɓace a hanya. Akwai abokin aikina Audu, mutumin Atantane, zai je ganin uwarshi kwanan nan, zai biyo ta wurinka. Ka ba shi. Ba ka san shi ba, amma shi ya san ka a bakina.

Ɗanka,
Salifu

*

Kanan Bakashe, 5 ga Nuwamba 1965

Ɗana Salifu,

Gaisuwa mai yawa. Kowa lafiya. An yi suna, an ci sunan Binta, rago ya ishi unguwa har da saura. Amaryata ta fara sanin muryata. In na yi sallama sai ta bar kuka, Rakiya ta ce yunwa ce ta wuce, ni na ce so ne.

Takardarka ta iso ran kasuwa. Ban iya haƙuri na kai gida ba. Nan gindin gawo inda ake awon gyaɗa, mutane cike, na tsaya na buɗe na karanta da ƙarfi tun daga gaisuwa har sunanka. Sanda ya ce, "Ƙarya yake, haddacewa ya yi!" Na sake karantawa ina bin baƙaƙen da yatsa. Wasu baƙi da suka kawo gyaɗa daga nesa suka ce su ma a karanta masu su ji, na karanta na uku. Duk kasuwa ta ji ɗan Gambo zai zama malamin asibiti. Ranar nan ƙafata ba ta taɓa ƙasa ba.

Ka kwantar da hankalinka, saƙonka ya tafi. Audu ya zo jibin ranar. Dogo ne, fari, da alƙalami biyu a aljihu da takalmi mai igiya. Yaro mai ladabi, ya cire takalmi tun daga ƙofar zaure, ya ce da ni Kawu kamar yadda kake cewa, har ƙafar Rakiya ya tambaya. Ya ci tuwo, ya sa wa jaririya dala biyu a zane. Na buɗe akwati na ba shi ƙyallen da hannuna.

Abu ɗaya ya ɓata mani rai. Zara'u ta kira ni daga ɗaki ta ce, "Baba, bai zo da 'yar takarda daga wurinshi ba?" Na ce mata kul, ba a tuhumar baƙo, balle wanda mijinki ya aiko. 'Yan matan yanzu sai a hankali.

Yanzu ina tsammanin takardun suna hannunka. Ka yi karatu da kyau.

Kawunka,
Danda

*

Kanan Bakashe, 19 ga Nuwamba 1965

Salifu,

Muna lafiya a jiki. Ban san ta inda zan fara ba.

Shekaranjiya da azahar wani gajere baƙi ya tsaya ƙofar gida da keke, ya yi sallama ya ce shi ne Audu na Atantane. Na ce mashi Audu ya zo ya tafi tun sati biyu. Ya ce, "Kawu, Audu nawa Salifu ya aiko? Ni jiya na sauka daga kamyo, motar kaya." Ya kwance turmin atamfa da ka aiko wa mai jego, ya miƙo mani 'yar takarda. Na duba, hannunka ne, ka rubuta cewa mai ɗauke da wannan shi ne Audu.

Na zauna ƙasa nan inda nake. Ya ce, "Wa ya san zan zo?" Na buɗe baki in ce babu kowa, sai gindin gawo ya faɗo mani a rai. Sunan Audu, da garinsu, da akwati, da farin ƙyalle, da ƙafar Rakiya, duk ni na faɗa, sau uku, da ƙarfi. Har na karanta masu inda ka ce ban san shi ba.

Jiya muka tafi Mayahi ni da Audu muka kai ƙara. Aka tambaye ni sunan mutumin, na ce Audu. Aka ce ɗan wa, daga ina, na rasa. Na ciyar da mutum, na ba shi abin da ka fi buƙata a duniya, ban san ko sunan ubanshi ba. Mushe Sidi ya ce takardun nan babu hoto a jikinsu, duk wanda ya riƙe su zai iya cewa shi ne kai. Ban taɓa sanin ana satar suna ba. Na zaci abin da ake sata shi ne abin da ake ɗaurawa kan jaki.

Zara'u ba ta ce mani komi ba. Da ta yi faɗa da ya fi mani sauƙi.

Ni na ba shi da hannuna, Salifu, ba wanda ya tilasta ni. Ka faɗa mani abin da zan yi.

Danda

*

Yamai, 14 ga Janairu 1966

Kawu,

Ina gaishe ku, da fatan kuna shan ruwa lafiya.

Ranar Litinin ta makon jiya jandarma suka zo asibiti suka tafi da ni gaban marasa lafiya. Na kwana huɗu a kaso. Mutumin ya kai takarduna wurin wani mai sayen gyaɗa a Tasawa, Alhaji Na Allah, ya ce shi ne Salifu Mati mai sartifika, aka ɗauke shi malamin awo. Ya yi wata ɗaya da rabi yana karɓar gyaɗar talakawa a ƙauyuka, yana ba su 'yar takarda ya ce su zo ran Juma'a a biya su. Ya karɓi kuɗin daga hannun Alhaji ya ɓace. Kowace takarda sunana ne a ƙasanta.

Sun san ban bar Yamai ba. Abin da suke cewa shi ne ni na ba shi aron takarduna don mu raba, wai an saba yin haka. An dakatar da ni daga aiki. Kowace safiya sai na je na nuna kaina. Shari'ar tana Tasawa.

Kawu, kada ka sake rubuto mani.

Salifu

*

Kanan Bakashe, 21 ga Fabrairu 1966

Ɗana Salifu,

Ka ce kada in rubuto. Na yi biyayya wata ɗaya da kwana bakwai. Na gane, wanda ya jefa ka kaso ba ka son ganin hannunshi, kuma ban ga laifinka ba. Sallah ta zo ta wuce ban san ɗanɗanonta ba. Wannan ɗaya ce, ka karanta ta, daga nan in ka ce in yi shiru har mutuwa zan yi. Masu jego lafiya, Binta ta fara zama.

Na je Tasawa. Na yi tunani na ga abin da ake zarginka da shi ba wanda zai wanke sai wanda ya yi ɓarnar. Na ɗauki takardarka ta Oktoba, na roƙi Sanda ya raka ni, da mahaucin kasuwarmu, wanda ya tuna wani dogo fari ya tambaye shi ranar nan, "Ina gidan tsohon nan mai karatu?" Sanda da ke yi mani dariya kullum, tun daga nan har Tasawa bai yi mani ba'a ko sau ɗaya ba.

Kwana uku muna zaman jira kafin mai shari'a ya gan mu. Ɗakin cike yake da manoman da aka cuta. Na tashi na faɗi abin da na yi, ban rage komi ba. Mai shari'a ya dube ni ta saman tabarau ya ce, "Tsoho, kana so in yarda manomi mai shekarunka ya karanta wasiƙa a kasuwa? Wa ya tsara maka wannan magana?" Sanda ya ce, "Ranka ya daɗe, wallahi da bai iya ba da ya fi mana." Aka yi 'yar dariya, aka tsawata. Mai shari'a ya miƙo mani takardarka ya ce in karanta. Na karanta. Na tsaya sau biyu, amma na kai ƙarshe. Da na zo inda ka ce ban san shi ba amma shi ya san ni a bakinka, mai shari'a ya cire tabarau. Ya sa aka rubuta maganata da ta shaiduna, ya ce zai aika Yamai a tambayi Audu na gaskiya.

Da muka fito wani dattijo ya tare ni, sunanshi Bube, ya fi ni tsufa. Ya ciro 'yar takarda daga cikin hula ya ce, "Malam, tunda ka iya, duba mani. Wata biyu ina ɗauke da ita ban san abin da ta ce ba." Faransanci ne, ban iya ba, amma lamba da suna na iya. Na ce mashi an rubuta buhu bakwai. Ya ce goma sha ɗaya ya kai, noman shekara guda, shi da 'ya'yanshi. Ashe tun kafin ya gudu da kuɗin ya riga ya cuce su a wurin awo. Ya ce in karanta mashi sunan. Na karanta. Ya ce, "Wannan suna, kowace sallah sai na kai shi gaban Allah." Na riƙe hannunshi na ce, "Don girman Allah ka cire sunan. Na ɗan ƙanwata ne, ni na goye shi. Ka kai ƙarar mutumin haka nan, Allah Ya san fuskarshi." Ya ce to, ya cire. Manoman da aka cuta su talatin da wani abu ne. Na bi waɗanda na samu ɗaya ɗaya na roƙe su haka.

Da na dawo na tsaya gaban 'yan makarantarmu na faɗa masu. Na ce wasiƙa a ɗaki ake karanta ta. Duk wanda ya ce an aiko shi, ya nuna hannun mai aike, ko a tambaye shi abin da ɗan gida kaɗai ya sani, tambaya ba rashin kunya ba ce. Na ce kada mutum ya saki buhunshi sai ya ga lambar da aka rubuta da idonshi. Mushe Sidi ya ajiye darasin ranar, muka koma koyon karanta ma'auni.

Ban roƙe ka gafara ba, don ban ga na kai ba tukuna.

Danda

*

Yamai, 9 ga Maris 1966

Zuwa ga Kawu,

Ina durƙusawa ina gaishe ka da Inna Rakiya da mutanen gida duka. Ina lafiya.

Kawu, ka yi wa maganata fassarar da ban nufa ba, kuma laifina ne da na gajarta ta. Duk takardar da ta zo mani a lokacin, jandarma ke fara buɗewa. Wadda ka rubuta cewa kai ka ba shi da hannunka ba wanda ya tilasta ka, ita suka samu a ɗakina suka ajiye gabana suka ce ga shaida, gidanku ne suka miƙa. Na ji tsoro ka ƙara rubuta wani abu su zo su ɗauke ka kai ma. Ba zan ɓoye maka ba, na yi fushi, daren farko a kaso na yi fushi ƙwarai. Amma ban taɓa cewa ba na son ganin hannunka ba.

Takardar mai shari'a ta iso. An kira Audu ya ba da shaida, an wanke ni, na koma aiki ran Litinin. Konkur kuwa ya wuce, an rufe karɓar takardu ina zuwa nuna kaina. Sai baɗi, in muna raye. Mutumin ba a kama shi ba, an ce ya ƙetara iyaka, takarduna suna aljihunshi. Na aika lakwal ɗinmu su ba ni shaidar sartifika, na kuma ɗauki hoto za a yi mani katin shaida.

Saura takardar haihuwa. Sai an sake yin wata a Mayahi, kuma sun ce sai mutum biyu da suka ga haihuwata sun tsaya gaban hukuma sun rantse. Uwata ba ta, ubana ba shi. Babu wanda ya rage sai kai da Inna Talle ungozoma. Ina roƙonka ka ɗauke ta ku je, ka faɗa masu ko ni wane ne.

Ɗanka,
Salifu

*

Kanan Bakashe, 20 ga Maris 1966

Ɗana Salifu,

Alhamdu lillahi. Kowa lafiya, Zara'u ta yi kuka ta yi dariya. Shekarar da ka rasa tana wuyana, ba ni da abin da zan biya ta da shi, sai addu'a.

Talle ta tsufa, ba ta gani sosai, amma hankalinta garau. Na samu jaki mai sanyin tafiya, jibi za mu kama hanyar Mayahi. Ta ce ko a kan kai ne a ɗauke ta.

Ga abin da zan faɗa masu. An haife ka ranar Laraba da la'asar, farkon damina, shekarar da tsohuwar rijiyar gari ta rufta. Ubanka Mati ya tafi neman iri bai dawo ba tukuna, ni na yi maka kiran salla a kunne. Ka zo ba ka yi kuka ba sai da Talle ta watsa maka ruwa. Kana da tabo a bayan kunnen hagu, Gambo ta ce da shi za ta gane ka ko cikin yara dubu. Ranar suna ni na riƙe ragon, ni liman ya raɗa wa sunan kafin ya faɗa wa jama'a.

In mai tambaya ya ce a ina na samo wannan, zan ce mashi ina wurin.

Kawunka,
Danda